Kafin a ce gigin tsufa ne: yadda ake bin diddigin abinci da jinin dattijo mai mantuwa

A gidajen Hausawa na Makka da Jidda da Madina, idan Hajiya ta fara maimaita tambaya ɗaya sau uku tsakanin azahar da la'asar, ko Baba ya riƙa rikicewa a lissafin raka'a, magana iri biyu ake ji. Wani ya ce tsufa ne, a yi haƙuri. Wani kuma ya faɗa saidaliyya, wato kantin magani, ya dawo da leda cike da kwalaben bitamin. Na farko ya sallama da wuri, na biyu kuwa harbi yake a duhu. Akwai mantuwar da ke zuwa daga ciwon ƙwaƙwalwa, irin wanda ake kira zahaimar a nan, wanda har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba. Akwai kuma wadda ƙarancin wani sinadari a jini, ko wani magani, ko ƙishirwa, ko rama ke haddasawa ko ƙara wa nauyi. Ita wannan tana gyaruwa idan an tare ta da wuri, sai dai ba a gane ta da kallo, sai an auna. Sau da yawa ma su biyun suna haɗuwa a jikin mutum ɗaya.

Yaushe abin ya fara?

Wannan ce tambayar farko, domin amsarta ce ke nuna ko akwai lokacin zama a yi bincike. Idan jiya dattijo garau yake, yau kuma bai san inda yake ba, yana barcin da ba a saba gani ba ko yana ganin abin da babu, hankalinsa na zuwa yana tafiya cikin yini guda, to wannan ba aikin bitamin ba ne. Ruɗewa ce ta gaggawa, kuma abin da ya fi kawo ta ga tsofaffi shi ne ciwon huhu ko na mafitsara, saukar suga, bushewar jiki, raguwar gishirin jini, ko sabon magani. Idan akwai na'urar awon suga a gida a auna nan take. Ƙasa da 70 mg/dL, idan yana iya haɗiya, a ba shi rabin kofi na lemon kwali ko cokalin cin abinci ɗaya na sukari a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a kira motar Hilal Ahmar a 997, kada a tsaya shafa mai ko jiran mai gida ya dawo. Don neman shawarar likita ta waya akwai layin ma'aikatar lafiya, 937.

Abin da ke gaba ya shafi mantuwar da ta shigo a hankali ce, cikin watanni.

Littafi ɗaya da leda ɗaya

A samu mutum ɗaya a gidan, wanda ya fi zama da dattijon, ya yi mako biyu yana rubuta abu uku kullum: abin da aka ci da gaske, abin da aka sha, da abin da aka manta. A lura, abin da ya shiga ciki ake nufi, ba abin da aka zuba a kwano ba. A gidan da ake cin kabsa a faranti ɗaya, mai haƙora ke cinye kazar, tsohuwa ta tsinci shinkafa ta ce ta ƙoshi, kowa kuma ya rantse ta ci abinci. A mantuwar ma a rubuta misali: ta bar tukunya a wuta ranar Talata, ya kasa gane canjin riyal 50, ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara ashirin yana zuwa. Dattijonmu idan likita ya tambaye shi, "lafiya lau, alhamdulillahi" zai ce. Littafin ne zai yi magana a madadinsa.

Sai a tattara duk maganin da ke ɗakin a leda ɗaya, har da na gargajiya da wanda aka aiko daga gida Najeriya ko Nijar, a tafi da su wurin likita. Biyu daga ciki su aka fi zargi kan bitamin B12: metformin na masu ciwon suga, musamman idan an haura shekara huɗu ana sha, da magungunan ƙwannafi irin su omeprazole idan an ɗauki shekaru a kansu. Wasu kuma kai tsaye suke dusashe tunani: maganin mura da ƙaiƙayi mai sa barci irin chlorpheniramine, amitriptyline da ake bayarwa don zogin ƙafa, oxybutynin na riƙe fitsari, da ƙwayoyin barci. Kada iyali su dakatar da ko ɗaya da kansu. Aikinsu shi ne su nuna wa likita ko mai saidaliyya su tambaya wanne ne za a iya ragewa ko canzawa.

Awon gida: sikeli, tef ɗin tela da kujera

A ɗora dattijo a sikeli sau ɗaya a mako, da safe, bayan ya kama ruwa, da kaya marasa nauyi, a kan sikeli ɗaya. Abin dubawa shi ne sauyi. Raguwar da ta wuce kashi 5 cikin 100 cikin wata shida ba tare da an nema ba alama ce ta rashin isasshen abinci ko wani ciwo a ɓoye: mai kilo 60 ya koma ƙasa da 57 ke nan. Abaya da babbar riga suna ɓoye rama sosai, don haka a lura da zobe ko agogon da ya fara yawo a hannu.

Idan ba ya iya tsayuwa, a auna sha-raɓa. Ya zauna, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, a zagaya tef a inda ya fi kauri ba tare da matsewa ba. Ƙasa da santimita 31 na nuna tsoka ta zube. Idan ƙafar a kumbure take, awon ƙarya zai bayar. Na uku shi ne kujera: ya rungume hannu a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar, wani na tsaye kusa don kada ya faɗi. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa sai da dafawa, ƙarfin ƙafa ya ragu.

Mai ƙiba ma yana iya zama cikin yunwar sinadarai. Shayi da burodi da shinkafa suna riƙe nauyi, tsoka kuwa tana narkewa a ƙarƙashin kitse. A asibiti akwai takardar tambayoyi shida mai suna MNA-SF, makinta 14: daga 12 zuwa sama lafiya, 8 zuwa 11 akwai haɗari, 7 zuwa ƙasa rashin abinci ya tabbata. Minti biyar take ɗauka, a roƙi a yi ta. Kafin a bar wannan mataki a leƙa bakin dattijon da fitila. Haƙorin da ke girgiɗi, ko haƙoran roba da suka yi yawa bayan rama, sun isa su raba mutum da nama shekara guda ba tare da ya faɗa wa kowa ba.

Gwajin ƙwaƙwalwa, da tarkon harshe

Gwaje-gwajen da likitoci suka fi yi su ne MMSE, wanda aka fitar a 1975, da MoCA, kowanne maki 30. An gina su ne a kan mutanen da suka yi karatun boko, kuma a nan da Larabci za a yi su. Tsohuwar da ta yi karatun allo, take jin Larabcin kasuwa amma tunaninta da Hausa yake, tana iya faɗuwa gwajin alhali ƙwaƙwalwarta lafiya lau. A tambaye ta wata, ta ce Rajab, mai tambaya kuma watan Miladiyya yake jira. A ce ta zana agogo, ita kuwa ba ta taɓa riƙe biro ba. Saboda haka a tafi da wanda zai fassara, ya fassara tambaya kawai ban da taya amsa, a kuma gaya wa likita tun farko irin karatun da aka yi. Akwai gwajin RUDAS da aka tsara a Ostareliya musamman don masu harsuna da al'adu daban-daban, ana iya tambaya ko suna da shi.

A gida ana iya yin ɗan gwaji don a samu abin kwatantawa nan gaba. A keɓe, ba gaban jikoki ko surukai ba, domin kunya kaɗai tana sa mutum ya daburce. A ce, "Inna, zan faɗa miki abu uku, ki riƙe mini su: tabarma, rago, gishiri." Ta maimaita su, a yi wata hira ta minti uku, sannan a tambaya. Bayan haka a ce ta lissafo sunayen dabbobi iya yawan da za ta iya cikin minti ɗaya. A rubuta sakamako da kwanan wata. Lambar ranar farko ba ta yanke hukunci, amfaninta sai bayan wata shida idan an sake. A tabbata kuma tana ji tana gani, domin kurumta da yanar ido suna kama da mantuwa ƙwarai. Haka ma baƙin ciki mai zurfi, musamman bayan rasuwar abokin zama: shi ma yana kashe sha'awar abinci ya kashe tunani tare.

Tahalil, wato gwajin jini: abin da za a nema

Mai damar zuwa markaz sihhi, wato ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa, ya ɗauki mau'idi, ranar ganin likita, ta manhajar Sehhaty, mai tamin, wato inshorar lafiya, ya bi ta asibitinsa, wanda ba shi da ko ɗaya kuma zai biya a ɗakin gwaji mai zaman kansa. Sunayen da za a gani a takarda su ne CBC (ƙidayar ƙwayoyin jini), B12, folate, ferritin (rumbun ƙarfe) tare da CRP (alamar kumburi), HbA1c (matsakaicin suga na watannin baya), TSH (aikin ƙullin maƙoshi), sodium (gishirin jini), calcium, creatinine da eGFR (aikin ƙoda), sai 25-OH D (bitamin D). Idan kuɗi bai kai ba, a fara da CBC, B12, TSH, suga, gishirin jini da aikin ƙoda. Bitamin D, duk da shi aka fi tallatawa, yana iya jira.

Yawancin waɗannan ba sa bukatar azumi, kuma kada a hana tsoho ruwa kafin ɗibar jini. Idan yana shan ƙwayar gyaran gashi da farce mai biotin, a dakatar da ita aƙalla kwana biyu, domin tana rikita sakamakon TSH. Babban kuskure shi ne a fara allurar B12 ko haɗin bitamin B irin Neurobion sannan a je gwaji: lamba za ta fito sama, a rasa gane ko da ma akwai ƙaranci. A ɗebi jini tukuna.

B12, inda ya fi cancanta a tsaya

Wannan bitamin ne ke kula da rigar da ke lulluɓe jijiyoyin saƙo, kuma daga abincin dabba kawai ake samunsa: nama, hanta, kifi, ƙwai, madara. Abin da jiki ke bukata ɗan kaɗan ne, maikrogiram 2.4 a rana, hanta kuma tana ajiye na shekaru, shi ya sa ƙarancin ke shigowa a sace. Matsalar tsoho galibi ba a kwano take ba, a ciki take. Sai da ruwan tsamin ciki ake raba bitamin ɗin daga nama, sai kuma da wani sinadari da bangon ciki ke fitarwa hanji ke iya tsotse shi. Tsufa na rage tsamin, maganin ƙwannafi na ƙara rage shi, wani kuma garkuwar jikinsa ce ke lalata sinadarin gaba ɗaya. Wanda aka yi wa aikin rage ciki, takmim ɗin da ya yawaita a ƙasar nan, shi ma yana cikin layi. Irin waɗannan ko kullum za su ci kibda, wato hanta, ba za ta wadatar ba.

Alamunsa: jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa ko ƙafar ta mutu, tangaɗi musamman a duhu, harshe ya yi ja ya yi sulɓi, kasala, saurin fushi, mantuwa. Ga mai ciwon suga sai a ɗora komai a kan sugan, a ƙara masa maganin zogi, alhali metformin ɗin ne ya cinye bitamin.

A takarda, ƙasa da 200 pg/mL ƙaranci ne. Wasu ɗakunan gwaji da pmol/L suke rubutawa, a nan iyakar 148 ce, don haka a duba ma'auni kafin a firgita ko a saki jiki. Tsakanin 200 da 300 wuri ne na shakka, inda takarda za ta ce lafiya amma jijiya na iya cutuwa. Idan akwai alamu, a nemi ƙarin gwajin MMA ko homocysteine, waɗanda ke hawa idan bitamin bai isa cikin ƙwayoyin jiki ba. Homocysteine sama da 15 µmol/L ya yi yawa. Sai dai raunin ƙoda ma yana ɗaga su duka biyun, dole a karanta su tare da eGFR. Kada kuma a ce tunda CBC bai nuna ƙarancin jini ba to B12 lafiya: jijiya tana iya lalacewa jini na nan daidai.

Magani iri biyu ne. Idan akwai alamun jijiya ko ruɗewa, ko ciki ba ya tsotsa, allura ce ta maikrogiram 1000, a jere a makonnin farko, sannan a riƙa tazara ta wata ɗaya zuwa uku gwargwadon irin allurar. Idan ƙarancin mai sauƙi ne, ƙwayar maikrogiram 1000 kullum tana aiki, domin kusan kashi 1 cikin 100 na shiga jini ko babu taimakon ciki. Jini yana gyaruwa cikin wata biyu, jijiya kuwa tana ɗaukar wata uku zuwa shekara, kuma abin da ya daɗe a lalace ba lallai ya dawo duka ba. Inda ake yawan faɗuwa shi ne a ga sauƙi a daina. Idan dalilin na dindindin ne, maganin ma na dindindin ne.

Abu biyu a kiyaye. Kada a ba tsoho folic acid shi kaɗai kafin a san matsayin B12, domin zai gyara hoton jini ya rufe asirin, jijiya kuma ta ci gaba da mutuwa. Sannan haɗin bitamin B mai yawan B6, idan aka yi watanni ana sha ba lissafi, shi kansa yana kawo mutuwar ƙafar da ake gudu.

Ƙarancin jini da ƙarfe

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, haemoglobin ƙasa da 13 g/dL ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙarancin jini ne, kuma tsufa ba uzuri ba ne. Ferritin ƙasa da 30 na nuna rumbun ƙarfe ya yi ƙasa, amma kumburi ko ciwo a jiki yana ɗaga shi, shi ya sa ake haɗa shi da CRP. A tsoho, ƙarancin ƙarfe tambaya ce kafin ya zama abin magani: ina jinin ke zuba? Aspirin da diclofenac na ciwon gwiwa suna ƙwarzar ciki, ciwon daji na hanji ma haka yake fara nuna kansa. Baƙin bayan gida kafin a fara ƙwayar ƙarfe abin kai wa likita ne a ranar. Mai yawan yin hijama ya dakata har jini ya dawo.

Mu da asalinmu Afirka ta Yamma akwai ƙarin lura. Wasu sun gaji ƙananan ƙwayoyin jini, MCV ɗinsu, wato ma'aunin girman ƙwayar jini a takardar CBC, kullum ƙasa yake ba don rashin ƙarfe ba, don haka kada a sha ƙarfe sai ferritin ya tabbatar. Idan an rubuta shi, ƙwaya ɗaya a rana ko bayan kwana ɗaya ta isa, nesa da shayi da madara, a ci gaba wata uku bayan jini ya daidaita.

Suga, gishiri, maƙoshi

HbA1c daga 6.5 zuwa sama ciwon suga ne, kuma sugan da ya daɗe a sama yana cin ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Amma ga dattijo mai rauni saukar suga ta fi hawansa saurin yin ɓarna. Mai ƙarfi a jika ana nema masa ƙasa da 7 zuwa 7.5, mai cututtuka da yawa ko mantuwa kuwa ƙasa da 8 ya wadatar. Tsohon da ke kan insulin ko glibenclamide, ya rame, cinsa ya ragu, amma HbA1c ɗinsa 6, ba abin murna ba ne: maganin ya fi ƙarfinsa. Mai mantuwa yana iya yin allura sau biyu ko ya yi ta ya manta cin abinci, don haka wani ya karɓi ragamar maganin. Mai ɗauke da jinin AS ko AC ya faɗa, domin wasu na'urorin HbA1c suna kuskure a kansa.

Sodium daidai shi ne 135 zuwa 145. Yana sauka ga masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari irin indapamide da hydrochlorothiazide, musamman da zafi idan ana ta ɗirkar ruwa ba a cin abinci, kuma saukarsa na kawo jiri da faɗuwa da ruɗewa. Ba a gyara shi da ƙara gishiri a miya, maganin ake dubawa. TSH kuwa yana nuna aikin ƙullin maƙoshi: idan ya hau sosai, jiki da tunani duk sanyi suke yi. Ɗan hawa kaɗan ga mai shekara 80 sau da yawa sake gwaji kawai yake bukata. Albumin, da ake yawan cewa ma'aunin abinci ne, ya fi nuna ciwo da kumburi, kada a dogara da shi.

Bitamin D a ƙasar rana

Abin mamaki ne amma ƙarancinsa ruwan dare ne a Saudiyya. Zafi ya kore mu cikin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sutura ta rufe jiki, baƙar fata kuma ta fi bukatar daɗewa a rana kafin ta haɗa shi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin komai. Ƙasa da 12 ng/mL ƙaranci ne sosai, 20 zuwa sama ya wadatar ga yawancin mutane. Idan da nmol/L aka rubuta, a raba da 2.5. Wanda ya haura 70 yana bukatar IU 800 a rana. Likita kan rubuta ƙwayar 50,000 sau ɗaya a mako na mako shida zuwa takwas, kuma a nan ake yin kuskure mai haɗari: mai mantuwa ya riƙa shan ta kullum. Calcium sai ya hau, ga ƙishirwa, ga taurin ciki, ga ruɗewar da ta fi ta da. A ajiye wannan kwalba a hannun wani, a sa mata rana, misali kowace Juma'a. A gyara D don ƙashi da tsoka, amma kada a sa rai zai dawo da tunani: manyan gwaje-gwaje ba su nuna haka ba.

Hakan ya shafi ƙwayoyi gaba ɗaya. A 2010 wani bincike a Oxford ya nuna bitamin B sun rage saurin motsewar ƙwaƙwalwa ga tsofaffi masu ƙaramar mantuwa, musamman masu homocysteine a sama. Amma da aka haɗa gwaje-gwajen mutane kusan 22,000 a 2014, ba a ga tunani ya ƙaru ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sha bitamin B, E ko man kifi da niyyar kare kai daga ciwon mantuwa. Abin da ya nuna amfani shi ne haɗin gwiwa: a Finland, binciken FINGER na 2015 kan mutum 1,260 ya haɗa gyaran abinci, motsa jiki, wasa ƙwaƙwalwa da kula da hawan jini na shekara biyu. Ƙwaya tana cike rami ne kawai inda ramin yake.

Kwanon dattijo da lissafi

Tsoho ya fi matashi bukatar sinadarin gina jiki a kan kowane kilo: giram 1 zuwa 1.2 a rana. Mai kilo 60 yana neman giram 60 zuwa 72, a rarraba sau uku. Da safe ƙwai biyu da kofin laban, kusan giram 20. Da rana kaza ko kifi gwargwadon tafin hannu, kusan 25. Da dare kofin adas ko wake da ƙaramin zabadi, wato yogot, sama da 20. Ful da tamis na safe ma yana shiga lissafi idan ful ɗin ya fi burodin yawa. Mai raunin ƙoda sosai, eGFR ƙasa da 30, likita ne zai yanka masa nasa.

Tsiren da Hijazawa suka karɓa daga hannun kakanninmu suke kira siriya ba na mai haƙori biyu ba ne. A niƙa nama a zuba a miya, a dafa kifi ya yi laushi, a dama fura da zabadi mai yawa da sukari kaɗan, a zuba garin madara cokali biyu a kunu. Kifi sau biyu a mako, sardin na gwangwani ma ya yi. Hanta sau ɗaya a mako ta isa. Ganye kullum: zogale, alayyafo, mulukiyya wadda ita ce lalo, ko jarjir. Kada a dafa shi ya mutu, kuma a rage kanwa, domin tana kashe bitamin B1 da C. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kada ya ƙara ganye farat ɗaya ba tare da sanin likita ba. Gishiri duka-duka kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, dunƙulen miya kuma yana cikin lissafin. Shayi a jinkirta shi awa ɗaya bayan abinci.

Ƙishirwa tana dusashewa da tsufa, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun yawan alwala ko tashin dare. Mace na bukatar aƙalla lita 1.6 na abin sha a rana, namiji lita 2, fiye da haka da zafi. Da ƙananan gorunan ruwa na mililita 330, biyar ke nan da shida. A jera su da safe, a ƙirga da magariba. Shayi, laban da kunu duk suna ciki. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ya bi adadin da aka yanka masa.

Kafin Ramadan da wata ɗaya ko biyu a kai mai suga wurin likita a sake tsara magani. Suga ƙasa da 70 ko sama da 300, ko ruɗewa, a karya azumin. Wanda mantuwarsa ta kai ba ya iya tsare maganinsa, a tambayi malami hukuncinsa tun kafin wata ya tsaya. A lokacin Hajji da goman ƙarshe, da gida ke watsewa neman na kai, a sa sunan wanda zai zauna cin abinci da tsohon: mutum ya fi ci idan da abokin ci.

Sake awo

Bayan an fara gyara, sodium ana sake shi cikin mako ɗaya zuwa biyu da canza magani, CBC bayan wata ɗaya da fara ƙarfe, TSH bayan mako shida zuwa takwas, HbA1c da bitamin D bayan wata uku. Wanda ke kan allurar B12 ba ya bukatar sake auna B12, lambar za ta fito sama ko yaya, tafiyarsa da ƙafarsa da littafin gida ake dubawa. Sikeli kowane mako, gwajin abu uku da na dabbobi bayan wata shida, da kalmomi dabam amma a irin lokacin da aka yi na farko.

Idan lambobi sun daidaita, nauyi ya tsaya, amma littafin na nuna abin gaba yake yi, a nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ko na tsofaffi, inda za a yi cikakken gwaji da hoton kai. Ba sai an jira wata shidan ba idan ya fara ɓacewa a hanya, ko halinsa ya canza, ko ga tangaɗi da sakin fitsari tare. A tafi da takardun tahalil duka, tsoho da sabo, da ledar magani, da littafin, da mutumin da ya rubuta shi.